Wa Ya Ba Shi Izini? Amsoshin Tambayoyinku Kan Kod Ɗin Iko a Manhajojin Intanet

Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato ɓangaren manhaja da ke yanke hukuncin wa zai ga me, wa kuma zai gyara me. Mun zaɓi 5, mun taƙaita wasu, mun kuma cire sunayen makarantu da kamfanonin da masu tambaya suka ambata.

Assalamu alaikum malamai. Na gina wa wata makarantar sakandare shafin duba sakamako da Laravel, tsarin gina manhajojin intanet na harshen PHP. Duk inda nake son hana wani shiga, sai in rubuta `if ($user->role == 'admin')`. Yanzu layin ya kai wurare kusan 40. Komai na aiki lafiya, amma ogana ya duba ya ce kod ɗin ba shi da inganci, in sake. Wannan ba son ado ba ne kawai?
*Mai karatu daga Kano*

Wa alaikumus salam, Malam. Oganka na da gaskiya, kuma ba ado yake nema ba.

Mu fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Tantancewa ita ce manhaja ta san ko kai wane ne, ta hanyar kalmar sirri ko lambar da aka turo maka ta waya. Izini kuwa shi ne abin da ta yarda ka taɓa bayan ta san ka. Na farkon akwai shi a shirye, ɗauka kawai za ka yi. Na biyun dole a maimaita shi a kowace buƙata da ta iso saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, kuma ba mai rubuta maka shi, domin kai ka san dokokin makarantar. A nan aka fi faɗuwa. A jerin manyan haɗurra 10 na manhajojin intanet da OWASP, ƙungiyar masu nazarin tsaron manhaja, ta fitar a 2021, raunin izini ne ya zo na ɗaya, alhali a jerin 2017 na biyar ne.

"Yana aiki" ba shaida ba ce a wannan fage. Idan ka yi kuskure a lissafin maki, gobe da safe wani malami zai bugo maka waya. Idan ka manta da duba izini a wani shafi, ba mai bugowa: shafin zai buɗe sumul, kowa ya ga abin da yake so, har da wanda bai kamata ba. Tunda kuskuren ba ya kai ƙarar kansa, sai an gan shi da ido, ido kuma ba ya lura da rashin abu sai in ya saba ganinsa a wuri ɗaya da siffa ɗaya. Wurare 40 da ka lissafa ba su ne abin tsoro ba. Na 41 da ka manta shi ne, kuma a yadda kod ɗin yake yanzu ba ka da hanyar gano shi.

Ita kanta tambayar da layin ke yi ba daidai ba ce. Muƙamin mutum yake tambaya, alhali abin da kake son sani shi ne ko wannan mutumin zai iya yin wannan aikin a kan wannan takardar. Ranar da shugaban makaranta ya ce malamin darasi ya riƙa gyara makin darasinsa kaɗai, jami'in jarrabawa kuma ya gyara na kowa amma kafin a rufe zango, za ka bi wurare 40 kana ƙara sharuɗɗa, kuma ba za su fito iri ɗaya ba.

Kafin ka taɓa kod, ja jadawali a takarda: muƙamai a gefe, ayyuka a sama, a kowane gida ka rubuta e, a'a, ko "nasa kaɗai". Kai wa shugaban makarantar ya amince, domin dokarsa ce. Sannan kowane nau'in bayani ka yi masa fayil ɗin ƙa'ida guda da umarnin `php artisan make:policy SakamakoPolicy --model=Sakamako`, ka zuba dokar a ciki:

```
public function update(User $user, Sakamako $sakamako): bool
{
    if ($sakamako->an_rufe) {
        return false;
    }
    if ($user->matsayi === Matsayi::JamiinJarrabawa) {
        return true;
    }
    return $user->is($sakamako->darasi->malami);
}
```

Dubi siffarsa. Dalilin hani yana sama, ya fita nan take, kowane sharaɗi da layinsa. Kada ka cusa sharuɗɗa 4 a layi ɗaya, domin `&&` ya fi `||` ƙarfi, kuma `a || b && c` na barin duk mai `a` ya wuce ko da babu `c`. Muƙaman ma ka daina rubuta su a matsayin zallar rubutu. PHP 8.1 ya zo da `enum`, wato ƙayyadadden jerin sunaye da ake ayyanawa wuri ɗaya. In ka yi tuntuɓen harafi a sunan muƙami, manhajar za ta tsaya ta sanar da kai maimakon ta yi shiru.

A kwanturola kuma, wato kod ɗin da ke karɓar buƙata ya aiwatar da ita, layin farko na kowane aiki ya zama `Gate::authorize('update', $sakamako);`. Na farko muke nufi, kafin a karanta abin da aka turo, kafin a rubuta komai a rumbun bayanai. Tsofaffin darussa za su nuna maka `$this->authorize`, amma daga Laravel 11 na Maris 2024 babu shi a uwar kwanturola sai ka ƙara `AuthorizesRequests` da hannunka.

Tarko biyu za ka tarar a hanya. In ka yi amfani da `Gate::before` don babban mai kula ya wuce ko'ina, ya mayar da `true` gare shi, `null` ga sauran jama'a. In ya mayar da `false`, ƙa'idojinka ba za su ƙara gudana ba. Na biyun ya fi muni: kwatanta `$takarda->makaranta_id === $user->makaranta_id` na ba da gaskiya idan duka biyun `null` ne, sai sabon asusun da ba a haɗa da kowace makaranta ba ya buɗe duk takardar da ita ma ba a haɗa ba. Kore `null` a layin sama tukuna.

Yi sauyin nau'i ɗaya bayan ɗaya. Ka gama ne ranar da ka nemi `->role` ko `->matsayi` a cikin kod ɗin gaba ɗaya, ba ka same shi ko'ina ba sai cikin jakar ƙa'idoji.

Malamai barkanku da aiki. Ɗaliba ce ni, aikina na kammala karatu manhaja ce ta duba sakamakon gwajin jini, da Django REST Framework na harshen Python. Ranar gwaji wani abokin karatuna ya shiga da asusunsa, ya canja 215 da ke ƙarshen adireshin zuwa 216, sai ga takardar wani ta fito. An ba ni shawara in daina lambobi masu bin juna in koma UUID. Shi ke nan an magance?
*Mai karatu daga Zariya*

Barka kadai, 'yar'uwa. Ba a magance ba. UUID, wato doguwar lamba mai haruffa da ba ta bin jeri, na wahalar da mai hasashe, amma adireshi yawo yake yi: a tura shi ta WhatsApp, ya zauna a tarihin burauzar kwamfutar kafe, ya shiga rajistar saba. Duk wanda ya tsince shi zai buɗe, domin manhajar har yanzu ba ta tambayi ko takardar wa ce ba. Yi amfani da UUID in kina so, amma a matsayin ƙari.

Manya ma sun faɗa ramin nan. A Mayun 2019 ɗan jarida Brian Krebs ya bayyana cewa shafin kamfanin First American Financial na Amurka ya bar takardu kusan miliyan 885 a buɗe, wasu tun na 2003, ɗauke da lambobin asusun banki. Canja lamba a adireshi kawai ake yi, ko kalmar sirri ba a nema. A jerin OWASP na haɗurran API, wato ƙofar da manhajoji ke musayar bayanai ta cikinta, ma wannan nau'in ne na ɗaya a 2019 da 2023.

Maganin al'ada ce guda da za ki riƙe gam: kada ki ɗauko takarda daga rumbu gaba ɗaya sannan ki duba mai ita. Ɗauko ta daga cikin kayan mai tambaya tun farko.

```
def get_queryset(self):
    return Sakamako.objects.filter(majinyaci=self.request.user)
```

Da wannan, 216 ba ta ma cikin abin da ake nema, sai amsa ta zo 404. Fifikon wannan salo shi ne, babu wani layi na biyu da za a iya mantawa da shi. Daga nan ki ɗauki `objects.all()` da `objects.get(pk=...)` a cikin shafukan da ke amsa buƙata a matsayin alamar haɗari.

Akwai abubuwa a Django da ba za ki sani ba sai kin karanta da kyau. Idan ba ki saita `DEFAULT_PERMISSION_CLASSES` ba, Django REST Framework na barin kowa ya shiga, domin asalin saitinsa `AllowAny` ne. Mayar da shi `IsAuthenticated` a fayil ɗin saiti yau ɗin nan, shafin da ya zama dole ya kasance a buɗe ki buɗe shi da suna. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce, Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun rubuta ta tun 1975: asalin hukunci ya zama hani, amincewa ce ake bayarwa a fili, ta yadda mantuwa za ta kai ga rufewa. Django 5.1 na 2024 ya kawo `LoginRequiredMiddleware` don yin hakan ga shafuka na yau da kullum.

Sannan `has_object_permission` ba ya gudana sai an bi ta `get_object`. Ba ya taɓa jerin takardu, ba ya taɓa ƙirƙirar sabuwa. Mutane kan rubuta shi su saki jiki, alhali shafin jeri na zubo takardun kowa. Izini 4 da Django ke ƙirƙira da kansa, na ƙarawa da gyarawa da gogewa da dubawa, su ma na nau'i ne gaba ɗaya: suna cewa wane zai iya duba sakamako, ba sa cewa wannan sakamakon.

Kan lambar amsa, 401 na nufin ba mu san ka ba, 403 mun san ka amma ba mu yarda ba, 404 babu. Ga bayanan lafiya mun fi son 404, domin 403 na tabbatar wa mai leƙe cewa takardar na nan. GitHub haka yake yi da ma'ajiyar kod ta sirri. Zaɓi ɗaya ki bi shi ko'ina.

In manhajar nan za ta taɓa shiga asibiti na gaske, ki sani Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma idan suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, sa'o'i 72 ake da su don sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Ina yi wa wani kamfani aiki daga nesa da Node da TypeScript. Sun kafa doka kod ba ya shiga sai ya wuce Prettier, mai daidaita siffar kod, da ESLint, mai farautar kurakurai a cikinsa. Rabin lokacina na ƙarewa wajen baka da waƙafi. Don Allah me ya haɗa wannan da tsaro?
*Mai karatu daga Maraɗi*

Rabin ƙorafinka daidai ne, ɗan'uwa. Tsawon layi, ko 80 na Prettier ko 88 na Black ko 79 na PEP 8 a wajen masu Python, bai taɓa hana ɓarawo shiga ba. Saita editanka ya gyara waɗannan da kansa duk lokacin da ka adana fayil, ka huta. Ribarsu ɗaya ce: mai bita zai ga layi 3 da suka canja da gaske, ba layi 200 na sauyin tazara da za a iya ɓoye cire izini a cikinsu ba.

ESLint kuwa wani abu ne daban. A Fabrairun 2014 Apple ya fitar da gyaran gaggawa saboda layin `goto fail;` da aka maimaita sau biyu a ƙarƙashin `if` marar baka. Na biyun na gudana ko da yaushe, sai ya tsallake tantance sa hannun haɗin sirri. Ba kod ɗin izini ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne, kuma dokar `curly`, mai tilasta baka ga kowane `if`, don irinsa aka yi ta.

Wanda ya fi kama masu Node shi ne mantawa da `await`. Idan `canEdit` fankshin ne mai `async`, to `if (canEdit(user, doc))` gaskiya ne kullum, domin abin da ya dawo alƙawari ne, wato `Promise`, ba amsa ba, kuma JavaScript na ɗaukar kowane alƙawari a matsayin gaskiya. Kowa ya zama mai izini, ba kuma saƙon kuskure ko ɗaya. Dokar `no-misused-promises` ta typescript-eslint na kama wannan, `no-floating-promises` kuma na kama kiran `authorize` da ba a jira shi ba. Kunna su a matakin kuskure. Gargaɗi ba mai karanta shi. Masu Python na da tagwayensa: `if user.is_admin:` alhali `is_admin` fankshin ne da aka manta a kira shi, mypy, mai binciken kod ɗin Python, na iya nuna shi.

Ƙara `eqeqeq` da `no-cond-assign`. Na biyun shi ke hana `if (user.role = 'admin')`, inda alamar daidai guda ɗaya ke naɗa mutum muƙamin maimakon ta tambaya. Masu PHP su lura cewa a PHP 7 `0 == "admin"` gaskiya ne, sai a PHP 8 na 2020 aka gyara, kuma har yanzu `"10" == "1e1"` gaskiya ne. Haka `in_array` na yin sakakkiyar kwatance sai an ba shi `true` a gurbi na uku.

Akwai waɗanda na'ura ba ta cika kamawa ba. Aika amsar 403 ba ya tsayar da fankshin: `res.status(403).send()` ba tare da `return` ba, ko `header('Location: ...')` a PHP ba tare da `exit` ba, mai amfani zai ga an kore shi, amma layukan ƙasa sun riga sun goge takardar. Haka `try` da `catch` da ke haɗiye kuskuren duba izini su ci gaba. Idan rumbu bai amsa ba, hukuncin hani ne. Don rage duk waɗannan, ku yarda da dokar suna guda a kamfanin: fankshin da ya fara da `can` yana mayar da e ko a'a, wanda ya fara da `authorize` yana jefa kuskure ya katse aikin. Da haka duk wanda ya ga `canEdit(user, doc);` tsaye shi kaɗai a layi zai san ba a duba komai ba.

Na ɓoye maɓallin gogewa a React ga duk wanda ba manaja ba, na kuma sa midilwaya ta Next.js tana tsare shafukan manaja. Ya isa?
*Mai karatu daga Jos*

Bai isa ba. Ɓoye maɓalli sakin labule ne, ba kulle ƙofa ba. Duk wanda ya danna F12 zai ga adireshin da maɓallin ke kira, ya kira shi kai tsaye da `curl`, umarnin aika buƙata ba tare da burauza ba. Ci gaba da ɓoyewa don kada a rikita masu amfani, amma hukuncin a saba yake.

Midilwaya ma, wato kod ɗin da ke tare buƙata kafin ta isa shafi, kada ta zama ita kaɗai. A Maris 2025 an gano cewa aika kan saƙo mai suna `x-middleware-subrequest` na sa Next.js ya tsallake midilwaya ɗungurungum. An toshe shi a 15.2.3 da 14.2.25. In sabarka kake ɗora shafin, duba sigarka yau. Waɗanda suka maimaita duba izini a wurin da ake taɓa bayanai ba su girgiza ba.

Malamai, mu 4 ne a ƙungiyarmu, ni ke bitar kod kafin ya shiga. Me zan riƙa dubawa, kuma gwaji nawa ya kamata mu rubuta wa izini?
*Mai karatu daga Kaduna*

Ranka ya daɗe, fara bitar da abin da babu. Kowane sabon adireshi da aka ƙara, nemi layin izininsa kafin ka karanta komai. Gara ma na'ura ta yi maka: Pundit, kayan aikin izini na tsarin Rails, na da `verify_authorized`, mai tayar da kuskure idan aiki ya ƙare ba a duba izini ba. A Laravel `php artisan route:list -v` na nuna maka kowane adireshi da abin da ke tsare shi, kuma kana iya rubuta gwaji ɗaya da zai bi su duka ba tare da shiga ba, ya faɗi idan wani ya amsa 200 alhali ba ya cikin jerin waɗanda kuka buɗe da gangan.

Wuraren da aka fi mantawa ba sa canjawa: fitar da rahoto zuwa Excel ko PDF, akwatin bincike, gogewa ko gyara da yawa lokaci guda, hotuna da takardun da aka ɗora a jakar da kowa ke iya kaiwa, da ayyukan bayan fage da ke gudana ba tare da sanin wa ya tura su ba.

Sai gurabun da aka yarda a rubuta. Mutum na da izinin gyara bayanansa, amma har da gurbin muƙami? A Maris 2012 Egor Homakov ya ƙara gurbi ɗaya a fom ɗin GitHub, ya liƙa makullinsa ga asusun masu kula da Rails, ya tura sauyi cikin ma'ajiyarsu. Rails 4 ya zo a 2013 da tilasta lissafa gurabun da aka amince da su. Kai ma mayar da duk kod ɗin da ka ga `$request->all()` ya shiga `update`, ko `$guarded = []`, ko `fields = '__all__'`. A lissafa gurabun da suna, canja muƙami kuma ya samu adireshinsa da ƙa'idarsa daban.

Yawan gwaji jadawalinku ne zai faɗa. Muƙamai 4 da ayyuka 5 gidaje 20 ke nan, kowanne gwaji ɗaya, kuma da madauki guda za a rubuta su. Ƙara mutum biyu da ake yawan bari: wanda bai shiga ba sam, da mai muƙami daidai amma na wani reshe ko wata makaranta. Gwajin hani ya fi na amincewa daraja, kuma kada ya tsaya a ganin 403. Ya koma rumbu ya tabbatar takardar ba ta canja ba. Lokaci zuwa lokaci cire layin izini ɗaya da gangan ka gudanar da gwaje-gwajen. In duk suka wuce, ba izini suke gwadawa ba.

Idan kuna sa muƙami a cikin tokin JWT, wato shaidar shiga da saba ke ba mai amfani, ku tuna wanda aka sauke yau zai ci gaba da ikonsa har tokin ya ƙare. Ku gajarta rayuwarsa zuwa mintoci, ayyuka masu nauyi irin su biyan kuɗi kuma a sake karanta muƙamin daga rumbu.

Sa jakar ƙa'idoji a fayil ɗin CODEOWNERS na GitHub ko GitLab, ka kunna dokar reshe mai neman amincewar mai jakar, don kada a taɓa ta ba da saninka ba. Sauyin izini ya zo shi kaɗai, kada a haɗa shi da gyaran launi ko sabon shafi. Naka sauyin kuma wani daga cikin ukun ya duba shi, da jadawalin a gabansa.